Taƙaitawa kan maganar “De gustibus non est disputandum”

Muhawarar da aka yi kan ma'anar wannan karin magana na harshen Latin da inda ya dace a yi amfani da shi ta yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Kowa ya yarda da ma'anar: ba a jayayya kan ɗanɗano. Gustibus jam'in gustus ne, wato ɗanɗano, amma ana nufin duk abin da ran mutum ya kwanta da shi. Wani lokaci akan ƙara et coloribus, “da launuka”, kamar yadda 'yan'uwanmu na Nijar suka san ta a Faransanci.

2. Ba a san wanda ya fara faɗinta ba. Masu jingina ta ga Sisero, marubuci kuma ɗan siyasar tsohuwar Roma, ba su kawo hujja ba.

3. Da yawa sun ce inda ta dace shi ne abinci, turare, launin tufafi. Wani ya kwatanta ta da “kowa da kiwon da ya karɓe shi”, kuma ni ma na ga kusancin.

4. A nan aka rabu. Wasu sun ce ta haɗa har da waƙa da zane. Wasu suka ƙi, suna kafa hujja da Dabid Hum, masanin falsafa ɗan Sikotland, wanda a 1757 ya nuna cewa gogewa da kwatanta ayyuka kan sa hukuncin wani ya fi na wani. Na fi karkata nan, don maɗinki ya fi ni gane ɗinki mai kyau.

5. An yi gargaɗi kada a fake da ita a batun gaskiya da ƙarya, ko don tsere wa gardama bayan an kā da mutum.