Ƙanena ya samu sauƙi yana son aiki: mu gaya wa mai shago ko mu yi shiru?

Salam 'yan uwa, a ɓoye sunana. Ƙanena ne, shekararsa 26, muna Argungu. Shekara uku ke nan muna kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kan ciwon nan mai sa mutum jin muryoyi. Yanzu alhamdulillahi, allura duk wata ba fashi. Sai dai zama ya ishe shi, tun hantsi yana zaure yana ƙirga masu wucewa, har ya fara cewa ba shi da amfani. Kafin ciwon tela ne. Kawu ya ce ya zo injin casar shinkafa ya riƙa ɗaukar buhu, Inna ta ce a bar mata ɗa ya huta. Ga kuma wani shagon ɗinki na neman hannu. Mu faɗi gaskiya?

Ma'aikacin jinya, Birnin Kebbi: 'Yar uwa, kada ku ce sai ya warke sarai. Tun shekarun 1990 aka gwada a Amurka, aka ga sa mutum kai tsaye a aikin da shi ya zaɓa, da mai bibiyarsa, ya fi a ajiye shi ana ta horo. Shi zai zaɓa fa, ba Kawu ba. Injin casa ga ƙara ga kwanan aiki, rashin barci kuwa yana tayar da ciwon. In hannunsa na rawa a kan keke, sau da yawa daga magani ne. Ku gaya wa likita, kada ya daina da kansa.

Tela daga Jega: Hajiya, ina da yaro irinsa. Da aka gaya mini, na fara shi da kalmasa da sa maɓalli, safe zuwa azahar, ranar allura hutu. Kuɗinsa kamar na kowa. Ranar da na ƙara masa don tausayi, ajiye mini ya yi a kan tebur.

Wata daga Gusau: Ni dai a yi hattara. Namu mun faɗa, yaran shago suka sa shi a baki, kullum "mahaukaci", sati biyu ya bari. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta hana wariya wajen aiki, amma wa zai kai maƙwabci kotu? A bar mai shagon kaɗai ya sani, shi ma sai yaron ya yarda.

Mai tambaya: Na gode. Na tambaye shi yanzu, ya ce ɗinki, kuma shi zai faɗa wa mai shagon da bakinsa, in raka shi kawai. Saura Inna.