An rinjaye ni a ƙuri'ar yajin aiki: in bi su ko in fita aiki?

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ƙungiyarmu ta ma'aikata ta yanke shiga yajin aiki saboda an sallami ma'aikatan wucin gadi ba a biya su haƙƙinsu ba. Ni ban goyi baya ba, don a ganina ƙofar sulhu ba ta rufe ba tukuna, amma aka rinjaye mu. Yanzu ana cewa duk wanda ya sa hannu a rajista ranar Litinin ya ci amana. Shin haɗin kai ya wajabta mini bin abin da raina bai kwanta da shi ba?

Tsohon sakataren ƙungiya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka zauna a gida. Ka faɗi ra'ayinka a taro, an saurare ka, an ƙirga hannaye. Da ɓangarenka ne ya yi nasara, ai za ka so su bi. Kuma in yajin ya haifar da ɗa mai ido, kai ma za ka ci moriyarsa.

Malama mai koyar da falsafa: Malam, ka bambance abu biyu: saɓani kan dabara da saɓani kan adalci. Ka yarda an zalunci waɗanda aka sallama, lokacin yajin kawai kake ja. A irin wannan, waɗanda abin ya shafa sun fi cancantar a bi hukuncinsu, ko da kai za ka yi asara. A 1984 ma'aikatan wani kanti a Dublin suka ƙi taɓa kayan marmarin Afirka ta Kudu saboda wariyar launin fata. Sun shafe kusan shekara uku suna yajin aiki saboda mutanen da ba su taɓa gani ba, har gwamnatin Ireland ta hana shigo da kayan a 1987.

Wani ɗalibi: Malama, ina da 'yar ja. Masanin tarihi Ibn Khaldun ya nuna a littafinsa Muƙaddima cewa asabiyya, wato haɗin kan dangi ko ƙabila, ita ce ke kafa daula, amma ai ita ce kuma ke sa mutum ya kare nasa ko da bisa ɓata yake. Ina iyakar?

Malama: Iyakar ita ce zalunci, ɗana. In aka ce a doki wanda ya fita aiki ko a fasa kaya, wajibin ɗan ƙungiya ne ya ƙi, a gaban kowa.

Mai tambaya: Na gode. Zan zauna, amma zan nemi a sa ni cikin kwamitin tattaunawa.