Dafa wa matasa marasa matsuguni abinci: daga ina za a fara?

Sadiya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Mai sha'awar girki da ke son dafa wa matasan da ke kwana a titi, kamar mutum 40, sau biyu a mako, daga ina ya kamata ya fara?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam 'yata. Fara da awo. Ɗanyar shinkafa giram 100 ga kowa, kilo 4 ke nan, ki ɗora rabin kilo saboda masu neman ƙari, don ba za a rasa su ba. Wake giram 50, a jiƙa tun da dare. In jan wake ne mai siffar ƙoda (kidney beans), sai ya yi tafasa mai ƙarfi na aƙalla minti 10, in ba haka ba yana jawo amai da gudawa. Gishiri da yaji kada ki ninka su yadda kika ninka shinkafar. Zuba rabi, ki ɗanɗana, sannan ki ƙara. Katuwar tukunya kuma gindinta ke kamawa alhali sama bai nuna ba, gara matsakaita guda biyu.

Malam Idi: Ni abin da ya fi damuna shi ne bayan an sauke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje: ko dai ya zauna da zafi sama da digiri 60 a ma'aunin Celsius, ko a firiji ƙasa da digiri 5. Shinkafa ta fi haɗari, domin akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashe irinta, shinkafar na hucewa sai ƙwayar ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumame ba ya karya gubar. Wanda ba shi da banɗaki, gudawa ba ƙaramar masifa ba ce gare shi.

Sadiya: To Malam, wanda zai tafi da nasa fa?

Malam Idi: Ba shi da firiji, ba shi da wuƙa. A ba shi burodi, ayaba, dafaffen ƙwai da ɓawonsa ya ci a ranar, da ruwan sha. Gwangwani sai mai zoben buɗewa.

Anti Binta: Ƙanwata, ki sassauta wa gwaninta. Da yawansu na fama da ciwon haƙori da gyambon ciki, abinci mai laushi marar yaji ya fi musu, a ajiye yajin gefe. A tambaya ko akwai wanda gyaɗa, madara, ƙwai ko kifi ke yi wa illa. Wanda ya kwana biyar ko fiye kusan bai ci komai ba, kada a cika masa faranti lokaci guda. Sinadaran jininsa na iya rikicewa har abin ya taɓa zuciya, wannan sai ma'aikacin lafiya ya gani.

Kuma don Allah, kada a gindaya sharaɗi kafin a zuba wa mutum, kada a ɗauki hotonsa. Rana da lokaci su tsaya cak. Yaron da aka sha saɓa wa alkawari, zuwa ɗaya ya tarar ba kowa, da wuya ya dawo.

Hajiya Rabi: Gaskiya ne Binta. In sun saba, a jawo biyu ko uku su taya yanka albasa da juya tukunya, a nan bakinsu ke buɗewa. Manya biyu su kasance a wurin kullum, a ƙirga wuƙaƙe kafin a fara da bayan an gama.

Sadiya: Allah ya saka da alheri. Zan nemi ma'aunin zafin abinci tukuna.