Autana ya tsani fensir, dan Allah ku faɗa min yadda kuka yi da naku

Uwar Auta, Tudun Wada

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Abin ne ya ishe ni shi ya sa na kawo nan. Autana shekararsa 3 da wata 7, yana nazire 1, tunda aka koma wannan zangon kullum sai an haɗo shi da aikin gida wai ya rubuta 1 zuwa 50. Da ya ga na ɗauko jakar sai kuka, fensirin ma dunƙule shi yake kamar ya riƙe muciya, ya danna har takardar ta huje. Jiya har bayan isha'i muna abu ɗaya, ƙarshe ni na kama hannunsa na rubuta shi kuma yana gyangyaɗi. Babansa ya ce in ƙyale shi, ni kuma tsoro nake kar a bar shi a baya, don ƴar maƙociyata sa'arsa ce wai har 100 take rubutawa. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni labari.

Antin Nazire, Unguwar Rimi

Wa alaikumus salam Maman Auta. Shekara 9 ina riƙe ƙananan aji, bari in tona mana asiri. Yawancin littafin da kike gani tsaf tsaf ɗin nan hannun anti ne a saman hannun yaro, wlh ni ma na yi, don in iyaye suka zo ba su ga littafi ya cika ba sai su ce ba a koyar da komai su cire ɗansu, mai makaranta kuma ya juyo kanki. Ki ba ƴar maƙociyar taki farar takarda ki ce ta rubuta 37 ita kaɗai ki gani.

Hannun yaro mataki mataki yake zuwa. Wajen shekara 2 yana iya kwaikwayon layi a tsaye, sai a kwance, wajen 3 ya zagaya da'ira, wajen 4 ya gicciya layi biyu sannan ya yi akwati, mai kusurwa uku kuwa sai wajen 5. Toh ki dubi 4 da 7 da A da K, duk karkataccen layi ne a cikinsu, wanda bai iya jan karkataccen layi ba ta yaya zai cika shafi da su? Dunƙule fensirin ma ba laifi ba ne a shekarunsa, riƙo da yatsu uku yakan zauna ne tsakanin 4 zuwa 6. Ni yanzu a ajina zangon farko ba na buɗe littafi mai jan layi da shuɗin layi sam. Muna yaga tsohuwar jarida, muna murza ƙullun fulawa, muna zura taliya mai rami a zare, muna maƙala fegin shanya a bakin kwali. Sannan fensirin kala karya shi nake gida biyu, in ya zama guntu dole yaro ya kama da kan yatsu don babu wajen dunƙulewa.

Baban Yara, Rigasa

Malama ta gama magana. Ni abin da ke ba ni mamaki, mu da muka tashi a makarantar allo mun san ba a miƙa wa ƙolo alƙalami ranar farko. Malam ko gardi ne ke rubuta maka, kai naka ka bi da yatsa ka biya ka wanke, ka yi babbaƙu ka yi farfaru, sai idonka ya saba da harafi sosai sannan a bar ka ka tsoma alƙalami a tawada. Ba wanda ya ce mun makara. Yanzu kuma yaro bai daina yawo da famfas ba an ɗora masa asamen.

Hajiyar Malali

Ku yi haƙuri ni zan ɗan saɓa. Daɗin baki ne a ce a bar yaro ya yi wasa, amma ranar da za ki kai shi intabiyu na shiga firamare takarda za su ajiye masa, ba ƙullun fulawa ba. Babbar ƴata haka na sake mata, aka zo aka maida ita baya aji guda, ta yi ta kuka ƙawayenta sun wuce. Ta biyun na ɗaukar mata mai lesin tun tana 4, minti 20 kawai bayan la'asar, kuma alhamdulillah rubutunta ya fi na yayarta kyau. Ba na goyon bayan duka ko 1 zuwa 50 ga ɗan shekara 3, wannan zalunci ne, amma kar a saki jiki gaba ɗaya.

Antin Nazire, Unguwar Rimi

Hajiya ai ba mu saɓa ba, kin ce 4 kin ce minti 20. Nata 3 ne kuma har bayan isha'i.

Maman Ƴan Biyu, Kawo

Ni tawa matsalar daban ce, ko za ta yi wa wata amfani. Ƴan biyuna safe boko yamma islamiyya, can a fara daga hagu nan a fara daga dama, sai Hassanar ta koma rubuta sunanta daga dama kuma duk haruffan a juye, sai ka sa madubi za ka karanta. 3 ta zama kamar E, b da d kuwa ba a magana. Hankalina ya tashi har na fara tunanin ko a kai ta a duba ƙwaƙwalwa. Wata ƙanwar mijina da ta yi NCE ta ce in kwantar da hankali, juya harafi abu ne da aka saba gani har wajen shekara 7, sai in ya wuce nan ne ake bincike. Ta ce in riƙa ɗiga koren ɗigo a gefen hagu na littafin boko in ce mata daga nan mota ke tashi. Wata biyu abin ya ragu sosai. Ɗan'uwan nata kuma bahago ne, kakarsu ta sa shi gaba sai ya koma dama har tana buge hannun, yaro ya daina taɓa fensir kwata kwata. Sai da babansu ya zauna da ita ya ce Inna abinci da dama zai ci in sha Allah, amma rubutu a bar masa hagunsa. Na karkata masa takardar kaɗan zuwa dama don kar hannunsa ya rufe abin da yake rubutawa, shikenan.

Malama daga Barnawa

In ƙara kan na Anti. Abin da makarantun kuɗi ke kira Montessori suna caji a kai, rabinsa kina da shi a kicin. Montessori sunan wata likita ce ƴar Italiya, ta buɗe gidan yaranta na farko a Rum a 1907, kuma cikin dabarunta akwai yaro ya shafa harafi mai kaushi da yatsa kafin ya riƙe abin rubutu. Ki zuba yashi ko garin tuwo a tire ya ja da yatsa, in ya ɓata ya girgiza ya sake, babu gogewa babu kuka. Mu a ajinmu da Jolly Phonics muke tafiya, wato tsarin koyar da karatu ta sautin haruffa, ba daga A B C ake farawa ba, s a t i p n ne rukunin farko, a faɗi sautin a zana shi a iska sannan a yashi. Kuma ki fara masa da harafin farko na sunansa, yara na son nasu. Gsky carafke da ɓarar gyaɗa da tsintar wake da muka yi muna yara su suka gina mana yatsu ba mu sani ba, yanzu shafa waya kawai suke da yatsa ɗaya. Sai dai waken a sa ido, sukan cusa a hanci.

Uwar Auta, Tudun Wada

Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na dawo da labari bayan sati 3. Na je na samu antinsu, ashe ita ma a takure take, ta ce in na yarda za ta riƙa ba shi layi biyu kawai amma kar in faɗa wa sauran iyaye. Na ba shi gawayi na bar masa bangon bayan gida, ya cika shi da ƙwallaye da wasu dogayen layuka wai ruwan sama ne. Tiren garin ma mun gwada, rabi ya watsar rabi ya lasa. Har yanzu 2 ɗinsa kamar agwagwar da aka taka, 5 kuwa bai ma yarda da ita ba tukuna, amma shekaranjiya shi da kansa ya janyo jakar ya ce Mama kawo guntun jan nan. Baban Yara, maigidan ya karanta naka ya ce in gaya maka shi ma sai da ya kai izu biyu kafin a ba shi alƙalami. Yanzu dai wa ya san abin da ke fitar da gawayi daga bangon siminti kafin mai gidan haya ya zo karɓar kuɗi?