Neman kalma: me za mu ce da "deadline"?

Binta: Salamu alaikum. Ina fassara sanarwar da za a karanta a labaran ƙarfe 8 na daren yau. An rubuta cewa deadline na rajista 30 ga wata ne. Wa'adi zan sa, ko da wadda ta fi dacewa?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Wa'adi ya yi, amma ki lura. Wa'adi tsawon lokacin da aka ɗiba ne, shi ya sa ake cewa wa'adin mako biyu. Deadline kuwa bakin ƙarshensa ne kawai. Saboda haka kada ki ce "wa'adin shi ne 30 ga wata", ki ce "wa'adin rajista zai cika ran 30 ga wata". Aikatau ne ke gyara zancen: a ɗibi wa'adi, a ƙara shi, ya cika. Haka aka yi ta faɗa a 2023, da Babban Bankin Najeriya ya ƙara wa'adin tsofaffin kuɗi daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairu.

Hajiya Rabi: Kuma kada ki jingina shi ga mutum. In kika ce "wa'adinsa ya cika", mai sauraro rasuwa zai ji, ko saukar mai mulki. Ki ce "wa'adin da aka ba shi".

Garba: Wa'adi fa Larabci ne. Har yaushe za mu yi ta aro? Maƙurar lokaci ita ce Hausar asali, kuma ta nuna bakin ƙarshen da Malam yake nufi.

Malam Sani: Malam Garba, lokaci ma daga Larabci ya zo.

Garba: To a ce maƙura kurum. Harshen da ba ya ƙera kalmominsa, wasu za su ƙera masa.

Issoufou: Mu nan Damagaram ba mu taɓa jin maƙura da wannan ma'ana ba. Kullum sai ku yanke a Kano, ku ce ita ce Hausa.

Hajiya Rabi: Ba batun Kano ba ne, ɗan'uwa. Mai sauraron rediyo sau ɗaya yake ji. In ya tsaya tunanin maƙura, ranar ta wuce shi.

Binta: Na gode. Na sa "za a rufe rajista ran 30 ga wata", na bar wa'adi a jimla ta biyu.

Garba: Na yau dai na bari. Amma ranar rufewa ba za ta yi wa biyan bashi ko miƙa rahoto ba, a nan maƙura tana da gurbi.