Littafin yara mai alƙalamin sihiri, in bar mata?

Maman Ummi: Salamu alaikum. Ƙanwata ta kawo wa Ummi littafi mai hotuna: yarinya da alƙalamin sihiri, duk wasiƙar da ta rubuta sai ta zama alewa, ta raba wa maƙwabta. Sihirin nan ne ya tsaya min a rai. In bar mata?

Baban Sadik: Maman Ummi, ai mun sha tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ba abin da ya same mu.

Anti Malama: Bar mata, ki ce ƙagaggen labari ne. Sannan ki ba ta ambulan ta rubuta wa kakarta. Mu da "Bayan gaisuwa mai tarin yawa" muka koya.

Maman Ummi: Ta rubuta! Amma alewa ta roƙi Hajiya.