Ziyarar haikalin Minakshi a Madurai: waɗanda suka je ga fili

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. 'Yan'uwa ɗalibai da masu jinya a Chennai sun sha tambaya kan haikalin Minakshi Amman, wurin bautar 'yan Hindu da ke Madurai a jihar Tamil Nadu ta Indiya. Wanda ya taɓa shiga ya taimaka da abin da ya sani. Ni dai zan fara da hanya: daga tashar Egmore ta Chennai akwai jirgin ƙasa Vaigai Express, tafiyar awa bakwai zuwa takwas. Daga tashar Madurai zuwa haikalin bai kai kilomita biyu ba. Ɗan sahu ba zai kai ka bakin ƙofa ba, don an hana abin hawa shiga titin da ya kewaye ginin, sai ka ƙarasa da ƙafa.

Ɗalibin injiniya: Wa alaikumus salam. Lokaci shi ne abin da ya fi kayar da baƙi. Ana buɗewa biyar na asuba, a rufe sha biyu da rabi na rana, sai ƙarfe huɗu a sake buɗewa har wajen goman dare. Wanda ya iso ƙarfe ɗaya zaman jira ya same shi. Ga shi ba takalmi ake shiga, dutsen farfajiya kuwa daga hantsi ya fara ƙona tafin ƙafa, balle a Afrilu da Mayu da zafi ke kusan kaiwa digiri 40. Shida zuwa takwas na safe ya fi.

Waya ba ta shiga, kyamara ma haka. An tsananta ne bayan gobarar watan Fabrairu 2018 da ta cinye wani zaure kusa da ƙofar gabas, kotu ta ba da umarni. Akwai ma'ajiyar takalma da ta waya a bakin ƙofofi, za a ba ka shaida. Kuskuren da ake yawan yi: mutum ya ajiye kaya a ƙofar gabas, ya rikice a ciki, ya ɓullo ta yamma. Filin ya kai eka 14, hasumiyoyi 14, manyan huɗu na waje duk kama suke wa baƙo. Riƙe sunan ƙofarka. Ta kudu ita ce mafi tsawo, kusan mita 52.

Hajiya mai jinya: Ɗana, ka manta da sutura. Gajeren wando da riga mara hannu ba sa wucewa. Doguwar riga da mayafi ba matsala, layin binciken mata daban yake, mata ne ke dubawa. A riƙe canjin rupi ƙanana. Kuma a yi hattara da masu tare mutum a titi su ce zo ka ajiye takalmi kyauta a shagonmu, ka hau bene ka ga hasumiyoyi. Gani kam za ka gani, amma saukowa sai an tsare ka da cinikin darduma da mayafan Kashmir.

Malamin tarihi: Hajiya ta yi gaskiya. Ni abin da ya fi damuna shi ne mutum ya shiga bai san labarin ba, sai ya ga duwatsu da fenti kawai ya fito. A ruwayarsu, sarkin daular Pandya mai suna Malayadhwaja da matarsa Kanchanamalai sun rasa haihuwa, suka yi hadayar wuta suna neman ɗa namiji. Sai yarinya 'yar shekara uku ta fito daga wutar, da nono uku. Aka ji murya ta ce a raine ta kamar namiji, na ukun zai ɓace ranar da ta ga mijinta. Ta gaji sarauta, ta ci ƙasashe da yaƙi har dutsen Kailash, tana haɗa ido da abin bautarsu Shiva na ukun ya ɓace. Aka ɗaura aure a Madurai, shi kuma ana kiransa Sundareswarar a nan. Yarinyar ita ce Minakshi, sunan na nufin mai ido irin na kifi. Za ku gane siffarta da launin kore da aku a hannunta.

Shi ya sa masu ibada ke fara zuwa ɗakinta kafin na mijin, saɓanin yawancin wuraren bautar Shiva. Gari nata ne.

Labarin da na fi so shi ne na tsohuwa Vanthi mai sayar da puttu, wani abinci kamar dambun shinkafa. Kogin Vaigai ya yi ambaliya, sarki ya ce kowane gida ya ba da mutum ɗaya a yi jinga. Tsohuwa ba ta da kowa. Shiva ya zo mata a siffar lebura, ya ce ladansa ɓarɓashin dambun da ya watse. Ya ci ya ƙoshi, ya kwanta barci, aiki bai yi ba. Sarki ya tsula masa sanda, sai kowane mai rai, har sarkin kansa, ya ji zafin dukan a gadon bayansa. Har yau suna kwaikwayon wannan labari duk shekara a watansu na Avani, tsakanin Agusta da Satumba.

Ɗalibar likitanci: Malam, ina ne iyakar wanda ba Hindu ba?

Malamin tarihi: Ɗakunan ciki biyu, nata da na mijin, na 'yan Hindu ne kaɗai, akwai alluna. A Janairun 2024 ma Babbar Kotun Madras ta yi hukunci cewa a wuraren bautar Hindu na jihar wanda ba Hindu ba kada ya wuce sandar tuta. Saboda haka a tambayi ma'aikacin ƙofa tun daga waje, inda ya ce a tsaya a tsaya, ban da gardama. Abin kallo na waje ba kaɗan ba ne. Ga tafkin da suke kira Potramarai, inda aka ce malaman waƙa na da suna jefa rubutu, mai kyau ya taso, mara kyau ya nutse. Ga zauren da ake cewa mai ginshiƙi dubu, alhali 985 ne, an gina shi a 1569, yanzu gidan tarihi ne da tikitinsa daban. Yawancin ginin na zamanin sarakunan Nayak ne, bayan ɓarnar da rundunar Malik Kafur, sarkin yaƙin sarkin Delhi, ta yi a 1311. Tirumalai Nayak, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1659, ya yi aiki mai yawa a ciki.

Hajiya mai jinya: 'Yata, ga wani abu da ya shafe mu. Za a iya miƙo miki toka ko jan gari na shafawa a goshi, ko alawar laddu da aka gabatar wa abar bautarsu. In ba ki so, ki ɗora hannu a ƙirji ki ce "vendam, nandri", wato ba na buƙata, na gode. Kada ki karɓa ki yar a ƙasa, wannan ne ke ɓata musu rai. A bi ta hagu ana kewayawa yadda suke yi, kada a tsaya a tare wa masu ibada hanya. Salla kuwa, babban masallacin Kazimar yana kusa da tashar motar Periyar, tafiyar ƙafa ce.

Ɗan kasuwa: Ƙari kan lokaci. Wajen tara na dare ana ɗauko siffar Sundareswarar cikin 'yar rumfa a kafaɗa, da ganguna da algaitarsu da hayaƙin turare, a kai shi ɗakin kwanan Minakshi. Ana ganin wucewarsu daga baranda, amma a samu wuri tun takwas da rabi. Juma'a ranarta ce, cunkoso ya fi yawa.

Bikin Chithirai na Afrilu zuwa Mayu shi ne na ɗaurin auren. A ruwaya, yayanta Kallalagar yakan taso daga haikalinsa mai nisan kilomita 20, ya iso bakin Vaigai ya tarar an riga an ɗaura, sai ya shiga kogi ya ƙi ƙetarowa. Jama'a na cika garin maƙil, masauki ya yi tsada, tikitin jirgi ya ƙare da wuri. Mai tafe da mara lafiya ko ƙananan yara ya bari sai Disamba zuwa Fabrairu.

Ɗalibin injiniya: Kuma a tambaya ko ana gyaran hasumiyoyi kafin a sayi tikitin jirgi. In ana sabunta fenti sukan lulluɓe su da katako da rufi na tsawon watanni, ba a ganin ko siffa ɗaya daga ƙasa.